Marayun Rumbu

"Rumbun manhajarmu ya cika, komai sai jan ƙafa yake," in ji abokin aikina ta waya.

Raina a ɓace na ce, "Ka ɗaure fayilolin a ƙunshi guda, ka sabunta fihirisa. Marayun nan kuma ka fitar da su yau. Ba mai nemansu, wuri kawai suke cinye mana."

A wurin aiki, duk fayil ɗin da ba ya jingine da komai, maraya muke ce masa.

Da na gama na fito falo, sai na tarar da 'yar marigayi yayana riƙe da hannun ƙaninta, kayansu a leda.

Ta ce, "Baffa, ba sai ka fitar da mu ba. Ka dai faɗa mana inda za mu."