Baƙon Wata Shida

Lokacin da Farfesa ya leƙo, aljihunan teburin Dakta duk a buɗe suke, takardun darasi a warwatse har ƙarƙashin kujera. Dakta na tsaye a tsakiyar ofishin da makulli a hannu, gumi na tsattsafo masa.

"Karo na biyu ke nan, ranka ya daɗe," in ji shi.

Farfesa ya duba ƙofar. Ba a ɓalle ta ba. Ya ja ta ya rufe a hankali.

Wata huɗu ke nan da zuwan Dakta wannan cibiya ta nazarin manufofin gwamnati, cikin malamai baƙi da ake gayyatowa daga ƙasashen waje su koyar su yi bincike na wata shida. Ƙasarsu ɗaya da Farfesa. Ranar farko da tsohon ya ji an gaishe shi da harshen gida a bakin matakala, sai da ya dafa bango.

Shekara tara rabon Farfesa da gida. Shi ya rubuta rahoton da ya nuna yadda aka tashi ƙauyuka goma sha ɗaya don gina madatsar ruwa, aka watsar da mutanen a fili. Mataimakinsa ya fita sayen jarida wata safiya, har yau ba a gan shi ba. Farfesa ya kwashi matarsa da 'yarsa ya tsallake iyaka. Tun daga nan wasiƙunsa ofis suke zuwa, kuma mota biyu yake canjawa kafin ya isa gida. Ko sakatariyar cibiyar ba ta san unguwarsu ba.

Dakta mutum ne mai ladabi. Yakan riƙe wa Farfesa jaka, ya haɗa masa shayi. A aji dai ɗalibai sun ce karanta musu littafi kawai yake yi, in aka yi tambaya sai ya ce a bari sai mako mai zuwa. Farfesa ya yi dariya ya ce, "Mu ma da haka muka fara, har alli sai ya fi mu magana." Binciken da Dakta ya zo yi a kan sake tsugunar da jama'a ne, kuma ya haddace rahoton Farfesa shafi-shafi. Wane malami ne ba zai ji daɗin wannan ba?

Daga nan abubuwa suka fara. Dakta ya ce wani mai doguwar riga ruwan toka yana tsayawa a gaban masaukinsa. Ya ce ana kiransa a waya, in ya ɗauka sai numfashi. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Wata rana a wurin cin abinci wayarsa ta yi ƙara, ya dubi lambar, cokali ya suɓuce daga hannunsa.

"Saboda ni ne," Farfesa ya ce wa matarsa. "Sun gan shi tare da ni."

"To ka rabu da shi mana, Malam."

"Haka na rabu da mataimakina. Ina yake yanzu?"



Shi ya sa yau, da ya ga takardun a ƙasa, bai tsaya dogon tunani ba. "Ɗana, tattara kayanka. Ba za ka sake kwana a masaukin nan ba."

"A'a, Baba, kada in jawo muku."

"Na gama magana."

Da la'asar suka fita ta ƙofar baya. Suka hau mota, suka sauka a kasuwa, suka ratsa ta cikin wani shagon takalma, suka hau wata. Duk tsawon hanyar Dakta na manne da taga, yana bin allunan tituna da ido. Farfesa ya dafa gwiwarsa. "Kwantar da hankalinka, ba mai bin mu."

Gidan ƙarami ne, a ƙarshen wani lungu, bayan wurin gyaran keke. 'Yar Farfesa ce ta buɗe ƙofa da jaririnta a kafaɗa. Matar Farfesa ta riga ta shimfiɗa sabon zanen gado a ɗakin karatu. Ta ce, "Nan gidanku ne, kada ka ji nauyin kowa." Dakta ya durƙusa ya yi godiya, ya kasa haɗa ido da ita.

Ya roƙa a nuna masa banɗaki. Ya murɗa makulli, ya saki famfo ruwa na zuba, ya daɗe yana jin muryar Farfesa a falo yana yi wa jikansa wasa. Sannan ya ciro waya, ya rubuta sunan lungun da lambar gidan, ya aika wa mutanen da suka cike masa takardar neman gurbin koyarwar nan da hannunsu, waɗanda suka shekara tara suna neman wannan ƙofa.