Burodin Mimunt

Ku matso nan, ke Yamna, kai Haddu, ku ajiye wayoyin nan. Maganar innarku Mimunt ce, kuma ban kira ku shan shayi ba.

Tun tana budurwa take yankan azir, ɗan itacen nan mai ƙamshi, a dutsen nan. Laujenta bai taɓa sauka ƙasa da rabin reshe ba, don ya sake toho. Ta dafa ganyen ta tace mai, awakinta na kiwo a gefe. Da haka ta raini ɗanta Allal bayan mutuwar ubansa.

Sai aka gina masaukin baƙi, aka share musu hanyar ƙafa a cikin dajin. Nasara suka fara zuwa da manyan takalma suna sunsuna ganye. Allal ya samu aiki a wurin, shi da jakinsa.

Ba a daɗe ba aka fara ganin ramuka a bayan dutse. An tumɓuke azir har saiwa, wurin ya yi tsirara. Si Driss, mai kula da masaukin, ya tara jama'a.

"Wa ke zuwa bayan dutse in ba Lalla Mimunt da awakinta ba?"

"Si Driss, akuyar gidanku ce ke riƙe magirbi?" in ji ta.

Aka yi dariya, amma dariya ba ta hana a yanke hukunci ba: babu ita, babu dutse, har sai an gano mai yi. Allal na tsaye a baya yana kallon ƙasa. Ta ce a ranta kunya ce ta kama yaron.

Ta sayar da awakin. Matan da ta koya wa riƙon lauje suka koma gaishe ta daga nesa.

Allal ne ya roƙa mata aiki a masaukin, gasa wa baƙi burodi a tanderun ƙasa.

"Yemma, uwata, ke dai ki zo da hannunki. Itace daga gari nake sayowa, ni zan riƙa hura miki."

Haka kuwa. Kullum ta iso sai ta tarar da garwashi jajir. Baƙi suka haukace a kan burodin, suna dangwala shi a man zaitun suna lumshe ido, wai ba su taɓa jin ƙamshi irinsa ba. Si Driss ya ƙara masa kuɗi. Ita kuwa tana murmushi a hoto, tana tsammanin ƙamshin dutse ne bai bar tafin hannunta ba.

Ramukan ba su daina ƙaruwa ba. Mutane suka ce ashe tsohuwar a ɓoye take hawa. Yanzu Si Driss na cewa ranar Juma'a, a taron gari, za a kai sunanta ga ma'aikatan daji.

Jiya baƙi suka nemi karyawa da wuri, ta riga Allal zuwa wurin tanderu. Jakin na ɗaure, buhun itacen na jingine. Ta kwance bakinsa don ta hura da kanta.

Daga can ta wuto nan, ko mayafi ba ta gyara ba. Ku ne kuke zama a taron Juma'a, don haka ku yanke mana: ta buɗe baki, ko a tafi da ita a matsayin ɓarauniya? Domin abin da ta zazzago daga buhun ɗanta saiwar azir ce, ɗanya, da jar ƙasar bayan dutse a jikinta.