An Ɓoye Sunansa

Shi ya fara ganin gobarar kasuwa, kafin mai gadi, kafin kowa. Haka tsoho mai gyaran takalmi yake faɗa kullum, yana shafa gurbin kunnen da wuta ta cinye.

"Ko allo ban taɓa riƙewa ba, amma wuta ta gwada ni, kunne kawai ta samu!" ya ce wa malamar jami'a da ta zo bincike kan rayuwar 'yan kasuwa bayan gobarar.

Ta ajiye rikoda a bencinsa. "Baba, faɗi komai. Wallahi sunanka ba zai fito ba."

"Ke 'yar nan, ki ɓoye ko ki bayyana, wa bai san ni ba?"

Hira ta yi daɗi. Ta tambaye shi yadda aka yi ya riga kowa gani. Ya rage murya, ya gaya mata abin da ko matarsa ba ta sani ba.

Malama ta cika alkawari. Da aka karanta sakamakon a rediyo, ba suna. An dai ce wani tsoho mai gyaran takalmi, mai kunne ɗaya, ya shaida cewa daga wayar lantarkin da ɗansa ya jona ta sata wutar ta tashi.

Kafin la'asar, waɗanda suka rasa 'yan'uwa a gobarar sun isa shagon ɗan nasa.

Yanzu ba mai kawo masa takalmi. Yana zaune shi kaɗai yana cewa, "Na ce kowa ya san ni. Mai musu ya zo in nuna masa kabarin ɗana."