Filasta a Idon Waya

Lokacin da annoba ta sa aka kulle gari, makarantu suka koma cikin waya, an yi wata tela mai 'ya ɗaya a aji biyar na firamare. Mijinta direban motar haya ne, ga hanya a rufe. Ita kuma ba biki ba suna, wa zai kawo ɗinki? Sai kayan ɗaki suka fara fita a ɓoye ta hannun dillaliya, yau kujeru, jibi kafet. Babu abin da take tsoro kamar a sani. A wurinta rashi ana haƙuri da shi, tonon asiri ne ba ya haɗiyuwa.

Ranar da aka fara darasi ta leƙa ta kan kafaɗar yarinyar. Sai ga 'yan ajin kowa a ɗan gurbinsa, bayan kowa kuma falon gidansu a fili. Ta ƙare wa labulen wannan kallo, ta auna kujerun wancan. Can sai ta farga: in ita tana kallon nasu, ai su ma iyayen suna can bayan 'ya'yansu suna kallon nata. Da malama ta ce kowa ya buɗe kyamara don ta ga fuskarsa, telar ta ce a ranta lallai da wata a ƙasa. Karatu dai da kunne ake jin sa, me ya kawo ido? So ake a ga wanda gidansa ya bushe, a yi da shi. Ta yanko filasta ta manne idon wayar, ta danna da babban yatsa har sau biyu, ta ce wa yarinyar in an tambaya ta ce ya lalace. Ta kuma sa mata abin saurare a kunne, kada muryoyin baƙi su cika mata gida. Malama ba ta yi musu ba. Ta dai ce wa yarinyar, tunda ba a ganin ta, ta riƙa barin muryarta a buɗe don a tabbata tana nan ba ta gudu wasa ba. Wannan magana a kunnen yarinyar kaɗai ta tsaya.

Daga nan hankalin telar ya kwanta. Kullum da hantsi yarinya na kan tabarma da waya, ita kuma tana gefenta a bakin ƙofa, tana hira da ƙanwarta da kulle ya rutsa da ita a gidan. Nan take zazzage cikinta: gadon aurenta ya tafi jiya, dillaliya ta yi mata wayo, kwana nawa rabonsu da nama. In ta gaji da nata sai ta miƙa wuya ta leƙa na mutane, ta ce wancan jan labulen na gidan su wance da gani na aro ne. Malama ta ji kunyar tsawata wa babba a gaban yara, ta ce wa yarinyar ta sanar da mahaifiyarta ana jin ta. Yarinyar ta ciro abin kunnen ta ce, "Umma, wai malama ta ce..." Uwar ta katse ta, ta ce tun yaushe yaro ya fara sa baki in manya na magana, ta mai da hankali kan karatunta. Washegari ta sake gwadawa, aka harare ta. Ba ta ƙara ba.

Ranar da aka sassauta kulle, telar ta yi kwalliya da atamfarta mafi kyau ta tafi kasuwa, tana tafe tana jin asirinta a rufe yake ruf. A rumfar mai kayan miya wata mata ta tare ta da fara'a, suka gaisa, ta ce 'ya'yansu ajinsu ɗaya, da muryarta ta gane ta. Ta rage murya ta ce, "Ya haƙurin gadon? Allah ya mayar da alheri." Ta ɗauki ledarta, har ta juya, sai ta waiwayo. "Jan labulen kuwa nawa ne, ba aro na yi ba."

Telar ta koma gida ba ta sayi ko albasa ba. Ta ɗauki wayar ta juya ta. Filastar na nan daram, ko gefenta bai ɗago ba. Idon da ta yi ta gadi bai ga komai ba, bakin da ta sake shi ya kai labari gida-gida. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.