Mai gaggawa da surukarsa

Ƙanwata, na ji an ce za ki shiga makarantar manya ta koyon harshen Welsh, kuma kina cewa ajin farko na marasa aikin yi ne. Ni ba ni da wani zurfin karatu, amma bari in ba ki misalin da marigayi mai gidana ya sha ba ni, Allah ya jiƙansa.

Akwai wani Bahaushe direban bas da ya daɗe a arewacin ƙasar Wales, har ya auri 'yar garin. Mahaifiyar matar tsohuwa ce mai kirki, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Shi kuwa bai yar da tarbiyyar gida ba: kullum da la'asar sai ya biya, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ba ya zama, ba ya cin komai a gabanta. Ana nan sai ciwon shanyewar jiki ya kwantar da ita. Hannuwa suka daina motsi, Turancin da ta yi rayuwa da shi ya gudu, sai harshen Welsh da ta sha a nono ya rage a bakinta. Abin ya dame shi, ya ce lalle sai ya koyi harshen nan ya ji abin da surukarsa take faɗa kafin ƙasa ta rufe idonta. Ya tafi makarantar manya. Malamar da ke rarraba ɗalibai ta ɗan gwada shi, ta ce ya fara daga ajin farko, inda ake koyon gaisuwa da sunayen kayan ɗaki. Ya yi dariya ya ce, "Malama, ina jin Hausa da Fulatanci da Larabci da Turanci, duk a kan titi na tsince su. Tsohuwar nan ba za ta jira ni in gama ƙirga ɗaya biyu uku ba. Ki kai ni wurin manya." Ta yi ta lallashi, ya kafe, ta rubuta shi a ajin sama.

Can ya tarar da mutanen da suka shekara suna karatu, suna muhawara a kan labaran rediyo, suna rubuta wasiƙu. Ya zauna a baya kamar baƙon da ya shigo kasuwa bayan an watse. Maganar tana wuce shi kamar ruwan kogi, ba ya gane inda kalma ta fara balle inda ta ƙare. In an yi dariya ya yi, in an gyaɗa kai ya gyaɗa. Komawa ƙasa kuwa ta gagare shi, don ya riga ya gaya wa matarsa da abokan aikinsa cewa ajin sama aka sa shi. Duk wannan lokaci, in ya durƙusa a ƙofar tsohuwa, sai ta zuba masa ido ta faɗi wata gajeriyar magana, kullum ita ɗin dai. Matarsa tana wurin aiki a lokacin, kuma kunya ta hana shi ya maimaita mata maganar ya ce ta fassara, shi da yake ajin sama. Sai ya ɗauka addu'a take yi masa. Ya ce amin, ya duba agogo, ya miƙe da sauri don kada ya makara aji. Sanyi ya shiga ya fita, ganye ya toho, bai ƙaru da komai ba sai ciwon kai. Kafin bazara tsohuwa ta rasu.

Bayan an share makoki, ya koma wurin malamar nan ya ce ta sa shi inda ta ce tun farko. Ranar da ya fara zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana jin nauyin shiga. Malamar ajin farko ta dube shi, ta ja kujera, ta nuna masa, ta faɗi wata kalma. Ita ce kalmar da surukarsa take fara maganarta da ita. Ya daure ya faɗi sauran yadda kunnensa ya riƙe, ya tambayi ma'ana. Malamar ta ce, "Cewa take yi, zauna kaɗan, ɗana." Ya zauna a kujerar, ya rufe fuskarsa da hularsa. Abin da ya tsallake zuwa ajin sama yana nema, ashe a darasin ranar farko yake.

Mai gidana ya ce mutumin ya iya harshen daga baya, sannu a hankali, har yana hira da tsofaffi a cikin bas ɗinsa. Amma wadda ya koya dominta ba ta nan. Ni da na san yadda ɗaki yake yin shiru bayan mai shi ya tafi, ina gaya miki ki shiga inda aka ce ki shiga. Masu iya magana sun ce, sauri ya haifi nawa.