Mai Guga da Dokar Gawayi

Tunda kai ma ka shiga sahun masu kuka da sabuwar doka, gyara zama ka ji misali. An yi wani mai wanki da guga, gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. In ya karya babbar riga, sai ya ɗaga ta sama ya yi ta juyawa har sai masu wucewa sun yaba. Ana nan sai hukuma ta hana sare itatuwa don yin gawayi, ta ce masu sana'a su zo a haɗa musu sola. Ranar babu wanda ya kai shi kumfar baki. Ya tara abokan sana'a ya ce gugar da ba garwashi a cikinta ai shafa ce kawai, kuma shi da dutsen gugarsa na gado sai mutuwa. Suka ce sun bi. Gawayin kirki ya ɓace a kasuwa, sai na ɓoye, wanda aka ƙona a gurguje, ga hayaƙi ga tartsatsi. Wata Alhamis yana kaɗa dutse don wuta ta kama, tartsatsi ya yi tsalle ya sauka a ƙirjin farar shaddar liman. Huji ɗan ƙarami ne, amma da shi liman ya hau mumbari, sahun gaba kuwa ba makafi ba ne. Kafin la'asar labari ya zaga gari, masu kawo ƙullin kaya suka fara canza hanya.

Gogan naka bai yi shawara da kowa ba. Ya bi ta bayan kasuwa ya je ofishin hukuma ya rubuta sunansa, aka kafa masa faifan sola a kan rufin shago, ya koma guga da dutsen lantarki. Ya roƙi liman ya sake gwada shi sau ɗaya tak. Juma'ar da ta biyo, riga ta fito fara fat, ba toka, ba ƙaurin hayaƙi, karinta kamar bakin wuƙa. Kaya suka dawo har ya rasa wurin ajiya, ciwon tarin da ya yi shekaru yana fama da shi saboda hayaƙi ma ya kama gabansa. Abokan sana'a suka zo masa a fusace: "Malam, ba kai ka ce sai mutuwa ba?" Ya dafe ƙirji ya marairaice: "Ni fa aka cuta, 'yan'uwa! Shekara talatin ina hura wuta, yau an bar min kumatu ba aikin yi. Ku je ku rubuta sunayenku, kada a bar ni ni kaɗai cikin wannan wahala." Suka tafi suna zaginsa, suna tambayar hanyar ofishin.

Ai dama Hausawa sun gama magana: in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.