Ɓawon Lemu a Murhu

Ishbel ta ture ƙofar bukkar da kafaɗa. Ba a kulle ta, duk wanda hawan tsauni ya gajiyar, a nan yake kwana. Yayanta Torquil ya biyo ta a jiƙe sharkaf.

Tun kaka mijinta Ruairidh ya shiga tsaunukan nan bai dawo ba. An nema har an gaji, aka yi masa addu'a a coci babu gawa. Ba ta yi kuka ba. Yau ma da ta zo yi masa bankwana, ba abin da take ji sai nauyin takalmanta.

"Allah ya saka wa wanda ya riga mu," in ji Torquil. "Ya jera wa na baya itace a murhu, kamar yadda aka saba. Amma ji shirme! Manya a ƙasa, ƙirare a sama, har da ɓawon lemu."

Ishbel ta durƙusa. Mutum ɗaya ta sani mai irin wannan jeri, shekara da shekaru tana yi masa tsiya a kai.

"Ruairidh ne."

Torquil ya cire hula. "Ayya, ƙanwata. Ashe nan ya yi kwanan ƙarshe."

Ta ɗauki ɓawon ta matsa. Ruwa ya tsarto, ƙanshi ya tashi.

"Yaya, mayar da hularka. Yau aka ɓare lemun nan."

"Yana raye ke nan! Tashi mu bi sawunsa!"

"Ya san hanyar gida," ta ce. "Miƙo min ashana."